Karsanar da Na Sallama da Zazzaɓi a Jikinta

Malam Edita, ni ne mai laifi a wannan labari, kuma gara in faɗa tun daga farko don kada mai karatu ya ɓata tausayinsa a kaina. Shekara da shekaru mutanen yankinmu suna ɗora abin da ya faru a kan allurar shanu, wasu kuma a kan wan mahaifiyata, ni kuwa ina jin su ina yin shiru. Yanzu na tsufa, na ga yara suna barin karatu saboda an ba su maki kaɗan, wasu kuma suna ɓoye abin da ba su sani ba, shi ya sa na ce bari in rubuto. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin duk waɗanda abin ya shafa sun bar zuriya.

Lokacin da wannan abu ya faru ina saurayi, ban cika shekara ashirin ba, tun ba a gama shimfiɗa hanyar jirgin da ta bi ta Gagarawa ba. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye tsakanin Ɗanzomo da Sule Tankarkar, amma dangin mahaifiyata masu kiwo ne, kuma a rugar kawuna, wan mahaifiyata, na yi rabin ƙuruciyata. Ina ƙarami annobar shanu da ake kira bushiya ta ratsa ƙasarmu. Na ga shanu kwance a fili, ido yana zubar da ruwa, baki ya yi gyambo, zawo ya ƙi tsayawa, ungulu ta ƙoshi har ta kasa tashi. Tun ranar na sa a raina cewa in Allah ya raya ni, aikina maganin dabbobi ne. Kawu ya rasa yawancin garkensa a shekarar, amma ya sake tarawa a hankali. Allah ya ba shi hannu. In ya dafa gindin kunnen saniya, ya shafa hancinta, zai faɗa maka ko tana da zazzaɓi tun ba ta daina tuƙa ba. Saboda wannan, da kuma gaskiyarsa, mutane suka riƙa ba shi shanunsu amana, daga manoman ƙauyuka har mutanen cikin Gumel. Al'adar kiwon amana kuwa, in saniyar wani ta mutu a hannunka, sai ka yanko wutsiyarta ka kai wa mai ita har gida, ya gani da idonsa cewa mutuwa ta yi, ba sayarwa ka yi ba. A tsawon shekarun da na sani, wutsiyar da kawu ya kai ba ta fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Ina cikin yaran da aka ɗauka makarantar boko daga ƙasarmu. Na iya karatu da rubutu, rubutuna ma yana da kyau, lissafi ne dai nake ja da ƙyar. Da na ji hukumar En'e tana neman samari da za a tura Kano su koyi aikin allurar shanu, na yi ta roƙo har aka sa sunana. Ranar da zan tafi kawu ya kai ni cikin garke, ya nuna mini wata 'yar maraƙa ja mai farin goshi, ya ce tawa ce, zai riƙe mini ita har in dawo in yi mata magani da kaina. Tun ban bar ƙauye ba aka fara kirana likitan shanu. Mahaifiyata ba ta faɗa da bakinta, amma in wani ya faɗa sai ta sunkuyar da kai tana murmushi.

A Kano mu goma sha biyu ne, a hannun wani malami da ke aiki ƙarƙashin Baturen likitan dabbobi. A nan na gane son dabba daban, karatun dabba daban. Abin da yaran yanzu suke kira kimiyya, mu a lokacin shi ne sunayen kayan ciki da aikin kowane, da lissafin yawan maganin da za a ɗura wa sa gwargwadon girmansa, da karanta ma'aunin zafi, wani siririn gilashi mai lambobi da ake sa wa saniya ta baya a ga ko tana da zazzaɓi. Ranar da aka fara nuna mana gilashin nan, malam ya miƙa shi ya zagaya hannu hannu, ya ce kowa ya duba ya ga inda zaren ciki ya tsaya. Kowa ya karɓa sai ya ce ya gani. Da ya iso hannuna na duba, na sake dubawa, ban ga komai ba sai gilashi da lambobi. Ina jin idon mutum goma sha ɗaya a kaina, sai na ce na gani, na miƙa wa na gaba. Daga wannan kalma ɗaya duk abin da zan faɗa ya fito.

Ƙarshen kowane wata malam yana karanta makinmu a gaban kowa, daga na sama zuwa na ƙasa. 'Yan ajinmu suka riƙa tsokanata cewa ba a jin sunana sai malam ya fara naɗe takarda. Wanda ake fara kira kullum ɗan wani mahauci ne daga Maigatari, sa'ana, wanda ya san hanta da saifa da huhu tun kafin ya san baƙi da wasali. Wata rana bayan azahar ya same ni a bakin turke, ya ce ya lura ina riƙe gilashi kamar mai riƙe tsinken tsire, in na yarda zai nuna mini. Maimakon in gode, sai na ce masa ban baro gidanmu don in yi karatu wurin mai warin tumbi ba. Ya yi dariya, ya ce ai tumbin nan shi ke ba shi maki, in na ga dama in zo in shaƙa ko na samu rabona. Bai riƙe ni a zuciya ba, amma bai sake yi mini tayi ba.

Daga nan zuciyata ta karye. Na koma zama can baya, na daina buɗe littafi, domin na riga na yanke wa kaina hukunci cewa kaina ba na wannan karatu ba ne. Sau ɗaya na ɗaure kayana na kai har ƙofar gari da nufin gudu, sai na tuna murmushin mahaifiyata, na juyo. Abin da ya hana a kore ni shi ne aikin hannu. Wajen kama sa da kayar da shi ba tare da an ji masa ciwo ba, da samun wurin da allura za ta shiga, ba wanda ya kai ni. Malam ya taɓa kirana gefe ya ce mini hannuna ya riga ya iso, kaina ne yake tafe a baya, kuma duk abin da ya shige mini duhu in zo in tambaye shi ko sau nawa ne. Ni kuwa abin da na ji kawai shi ne kaina yana baya. Na ce masa na gode, babu abin da ya shige mini duhu.

Da kaka ta yi aka fitar da mu aiki, aka kafa sansanin allura kusa da Maigatari, inda garkuna ke wucewa. Allurar wancan zamani ba irin ta yanzu ba ce. In an yi wa saniya, sai ta ɗan kamu da ciwon, zazzaɓi ya hau ya sauka, daga nan bushiya ba ta ƙara kama ta. Amma dole a tsare ta cikin shingen ƙaya har zazzaɓin ya sauka sarai, domin in aka sake ta da shi a jiki, za ta kai wa shanun da ba a yi wa allura ba ciwon gaba ɗaya. Shi ya sa kowace safiya ake auna kowace saniya a rubuta, kuma ba a tsaga mata kunne a sallame ta sai gilashi ya nuna ta huce. Makiyaya suna tsoro, kwana da kwanaki ba wanda ya kawo ko maraƙi. Kawu ne ya fara zuwa. Ya koro nasa na kansa kawai, da karsanata da ta girma, ya bar shanun amana a ruga wurin iyalinsa, domin masu su ba su ba shi izini ba, shi kuwa ba ya gwaji da dukiyar wani. Da 'yan uwansa makiyaya suka tambaye shi ko ya yarda da Nasara ne, sai ya ce shi bai san Nasara ba, amma ɗan ƙanwarsa yana cikin masu aikin. Bayansa wasu suka biyo.

Malam ya raba mana shingaye, ya ba ni na kawu tun da shanun sun san ni. Kafin ya ba kowa gilashinsa ya tambaya ko akwai mai sauran shakka a kan awo. Na miƙa hannu na karɓi nawa kamar kowa. Kowace safiya sai in sa gilashi, in jira, in zaro, in goge, in ɗaga shi sama in murtuke fuska kamar mai karatu, sa'an nan in rubuta lamba daga kaina. Na saci kallon takardun abokaina na ga yadda abin ke tafiya, ya hau bayan 'yan kwanaki, ya daɗe kaɗan, ya sauko. Haka na riƙa rubuta wa kowace saniya, da kyakkyawan rubutuna, kawu yana tsaye a gefe yana kallona da alfahari. Ina gaya wa kaina cewa ai duk shanu hanya ɗaya suke bi, ba abin da zai faru.

Ranar sallama, ina tsaga kunnuwa ɗaya bayan ɗaya, sai kawu ya tsaya a kan karsanata. Ya dafa gindin kunnenta ya daɗe, ya shafa hancinta, ya dubi tafin hannunsa. Ya ce, "Ɗan nan, wannan da saura. Akwai wuta a jikinta, a bar ta ta ƙara kwana uku." Na san in aka ce za a riƙe saniya, sai an kira malam, shi kuma zai sa in auna a gabansa in faɗi lamba, ga makiyaya tsaye, ga ɗan mahauci, ga kawu. Na sa gilashi, na zaro, na ɗaga shi sama. Na ce, "Kawu, gilashi ya ce lafiyarta ƙalau. Rana ce ta buge ta." Ya dube ni, ya sake duban hannunsa, ya yi 'yar dariya ya ce to, ashe hannu ma yana tsufa, tun da ga abin da aka yi don aikin ya faɗa, shi wane ne. Na tsaga mata kunne da hannuna. Ya kora su suka koma ruga, suka gauraya da shanun amana.

Ba a yi kwana goma ba, ran kasuwar Maigatari, wani ya zo ya ce bushiya ta faɗa rugar kawu. Na nemi izini na tafi. Abin da na gani ina ƙarami shi na sake gani, sai dai wannan karon shanun da aka yi wa allura suna tsaye suna kiwo a tsakiyar gawarwaki, har da karsanata, wadda ta ɗan yi laushi kwana biyu ta warware. Shanun amana kuwa ɗai-ɗai ne suka tsira. Na iske kawu yana bi yana yanke wutsiyoyi yana zubawa a buhu. Ya yi kwanaki yana yawo a ƙafa da buhun nan a kafaɗa, daga ƙauye zuwa ƙauye har cikin Gumel, yana sallama a ƙofar kowane gida, yana zaro ta mai gidan. Na bi shi rana ɗaya kawai, ban iya ƙarawa ba. A ranar muka je gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu ya bar mata shanu biyu, da nononsu take ci. Ta karɓi wutsiyoyin ta ajiye a kan tabarma, ba ta yi kuka ba, sai ta tambaye shi a hankali ko gaskiya ne nasa duk suna nan da rai. Ya ce gaskiya ne. Ta ce to, Allah ya sa musu albarka. Ina tsaye a bayansa, magana tana bakina, na haɗiye ta.

Daga nan zance ya bazu cewa kawu ya san ciwo yana zuwa, ya tsirar da nasa ya bar na mutane, wasu kuma suka ce shi ya ɗauko ciwon daga wurin Nasara ya kawo. Dattawa sun gaya masa cewa a al'ada ba a biyan abin da annoba ta kashe, tun da ya kai wutsiya ya fita. Ya ce ya ji, amma sunansa bai fita ba. Ya riƙa kora nasa ɗaya ɗaya yana kai wa waɗanda suka yi asara, ya fara da tsohuwar nan, har ya rage ba shi da ko ɗaya. Karsanata kaɗai ya ware, ya kawo ta gidanmu ya ɗaure, ya ce wa mahaifiyata wannan ba tasa ba ce balle ya bayar. Bayan haka ya kwashe iyalinsa ya tsallaka arewa, wajen ƙasar Damagaram, ya zama mai yi wa wani kiwo. Malam da Baturen likita sun zo bincike, suka duba takardata, suka ga komai daidai yake, suka ce tabbas wani garke mai wucewa ne ya bar ciwon a bakin rijiya. Malam har ya yaba tsabtar rubutuna.

Da muka koma Kano na je na sami ɗan mahaucin nan, na ce ya nuna mini gilashi. Bai yi mini gori ba. Ya sa shi tsakanin yatsuna biyu, ya ce in juya wa haske baya, in riƙa mirgina shi a hankali. Ban mirgina sau uku ba sai ga zaren ya fito, siriri, yana ƙyalli kamar azurfa. Shi ke nan abin. Tsakanin la'asar da magariba na iya abin da na yi shekara ina ɓoyewa. Na zauna a ƙasa ina hawaye. Ya dube ni ya daɗe, na ga alamar ya haɗa wannan da wancan, amma bai tambaye ni komai ba, kuma har ya rasu ban ji ya gaya wa kowa ba. Na roƙe shi gafarar maganar tumbi, ya ce ai ya manta, sai dai in ina son lissafin magani ma, in zo gobe da littafi. Da taimakonsa na ci jarrabawa a karo na biyu, ba a sama ba, amma ba a ƙasa ba. Na yi aikin nan har na yi ritaya. Sai dai makiyayan yankinmu sun daɗe suna gudun allura saboda labarin rugar kawu, kuma duk garken da na ji bushiya ta ci a shekarun nan, na san ina da kaso a ciki.

Abin da nake son ɗalibai su ji shi ne, ƙaramin maki bai kashe saniya ko ɗaya ba. Da na zauna a ƙasan takarda shekara uku ina tambaya, da ba wanda ya yi asarar komai sai ni, kuma ni ma asarar 'yar kunya ce ta ɗan lokaci. Abin da ya yi ɓarna shi ne na ce na gani alhali ban gani ba, sa'an nan na bar karayar zuciya ta rufe mini baki, girman kai kuma ya hana ni karɓar taimako daga inda Allah ya turo shi. Duk mai son aikin da rai ke hannunsa, na mutum ko na dabba, in ya ga makinsa ya faɗi, kada ya gudu kuma kada ya ɓoye. Ya je wurin wanda ya fi shi, ko ɗan wane ne, ya ce masa ban gane ba. Malamai kuma, in yaro ya yi saurin cewa ya gane, a sa shi ya nuna.

Shekara bakwai na yi kafin in iya fuskantar kawu. Abin da ya tashe ni shi ne wani falke da ya zo daga can ya gaya wa mahaifiyata cewa kawu yana nan lafiya, amma ya daina duba dabba. In aka kawo masa saniya mara lafiya sai ya ce a nemi wani, shi hannunsa ya taɓa yi masa ƙarya, ya ji wuta a jikin karsana mai lafiya, kuma bai ji ciwon da ya shigo garkensa ba. Ashe ban tsaya ga raba shi da shanunsa da sunansa ba, har abin da Allah ya ba shi na sa ya daina yarda da shi. Na kwance saniyar nan, wadda a lokacin ta haihu sau uku, na haɗa ta da 'ya'yanta na kora su arewa, kwana huɗu a ƙafa. Na same shi da hantsi a bakin rijiya yana ja wa shanun wani ruwa, ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Ya gane saniyar kafin ya gane ni. Ya saki guga, ya tambayi lafiyar mahaifiyata, ya ce me ya kawo likita wannan daji da shanu haka. Akwai makiyaya a wurin suna jiran layinsu, na so in ja shi gefe, sai na tuna a gaban mutane na ƙaryata shi. Na cire takalmina na durƙusa a cikin taɓon bakin rijiya.

Na ce, "Kawu, hannunka bai yi ƙarya ba, ni na yi. Ranar nan akwai wuta a jikin karsanar nan kamar yadda ka faɗa. Ban iya karanta gilashin ba, ban taɓa iyawa ba a lokacin, kunya ta hana ni faɗa, na sa ka kai wa shanun mutane ciwo, na bar ka ka ɗauki buhun nan kai kaɗai. Ga saniyar da 'ya'yanta, na san ba su kai ba. Zan bi gidajen da ka bi ɗaya bayan ɗaya in faɗa musu da bakina. Don Allah, Kawu, ka yafe mini."